Ciwon da na ɓoye wa ɗan Binta

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar ƙanwata Binta, kuma duk tsawon shekarun nan ƙarya nake faɗa a kan abin da ya yi ajalinta. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta mini, na kuma ce kada a sassauta ko kalma ɗaya.

Shekarar da soja suka miƙa mulki muka tare a Gyadi-Gyadi, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Binta mace ce mai kunyar da har haushi take ba ni. Sunan ɗanta na fari, Auwalu, bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai ta ce "wancan". Wadda ba ta iya kiran sunan ɗanta, ta yaya za ta gaya masa jini na zubar mata bayan ta daina al'ada? Ni ma sai da na kama ta tana shanya zannuwa a ƙuryar ɗaki. Muka sha sassaƙe, muka yi hayaƙi, ga asibiti nan da ƙafa ake zuwa. Ranar da muka je, likita ta ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma mun makara.

Auwalu yana Legas yana tuƙi, ta hana a kira shi. A zaman makoki duk wanda ya tambaya na ce ciwon ciki ne. Shi ma haka na gaya masa. A ganina asirinta nake rufawa.

Kwanakin baya ma'aikatan lafiya suka kai allurar rigakafin wannan ciwon makarantar 'yarsa Ummi, mai sunan Binta, 'yar shekara goma. Auwalu ya hana. Kafin in je masa sai da na tsare wata nas da ke haya a layinmu da tambayoyi. Ta ce ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ba gado ba, ba kuma sai mace ta yi abin kunya ba. Allurar tun yarinya tana ƙarama ake yi, kuma ba ta hana haihuwa.

Na same shi a ƙofar gida yana goge adaidaitarsa.

"Inna, ke ma sun saye ki?" ya ce yana dariya. "A tasha ana cewa haihuwa take hanawa. Mu da ba mu taɓa ganin ciwon nan a danginmu ba."

"Ajiye tsumman nan. Me ya kashe uwarka?"

"Ciwon ciki mana. Ke kika faɗa."

"Ni na faɗa. Ƙarya na yi maka."

Na gaya masa komai, har warin da ya sa ta daina fita suna. Kwana huɗu bai gaishe ni ba. Da ya zo, a tsaye ya ce, "Da kin kira ni, da na yi jinyarta." Sai ya ce in ɗauko mayafi, Ummi na cikin adaidaita. Ni na riƙe hannunta a asibitin Tarauni aka yi mata allurar, shi ya juya baya.

Da Binta za ta ga ciwonta a jarida, na san rufe fuska za ta yi. Ko za ta yafe mini, Allah Ya sani. Auwalu dai ya ce in faɗa. Har yau idan an tuna ta haƙurinta ake yabo, ni kuwa na ga inda haƙurin ya kai ta. Kirkinta nake so Ummi ta gada, da hannunta a tuwo, ban da shirun.

Allah Ya jiƙan Binta. A layinmu saura gida biyu da ba a yi wa 'yan matansu allurar ba. Ɗaya maigidan ya aiko kada in zo. Bayan la'asar zan je gidansa.