Kallon Gefe na Baba Gawayi

Baba Gawayi ake ce masa, don tun yana saurayi yatsunsa ba su rabu da baƙi ba. A bakin tashar mota yake zama da allo da kujeru biyu, yana zana fuskokin mutane da gawayi. A kan ido ya yi suna. Nan yake zuba baƙin da ya fi kauri, ya bar ɗigon haske ɗaya, sai ka rantse hoton zai ƙifta.

Bana kasuwa ta ja baya. Mutum zai karɓi hotonsa, ya ce "to, ba laifi," shi ke nan ba a sake ganinsa. Mai firam, wato mai sa wa hotuna katako da gilashi a shagon kusa, tsohon abokinsa wanda bakinsa ba birki, shi ya fito masa a mutum. Ya jera zane uku a kan tebur.

"Baba, kunne kake sayarwa yanzu? Dubi maɓallin rigar nan, kamar in ɓalle shi. To idon fa? Hayaƙi kawai! Mai kallo bai san inda zai ajiye idonsa ba."

"Kai ƙusa da gilashi ka sani," in ji Baba, ya kwashe takardunsa a fusace.

Amma maganar ta bi shi har gida. Ya jingina zanen a taga ya dubi idon, ba komai sai duhu-duhu. Da ya mayar da kallonsa kan kunne, sai ga idon a gefe, a dagule. Ashe ba hannu ba ne, tsakiyar ganinsa ce ke mutuwa. Da ya je asibiti, likita ya ce abin gaba zai yi ta yi.

Tsoro ya kama shi, wallahi, amma ya koma wurin mai firam, bai ko ba shi haƙuri ba. Ya koyi kau da kai ya saci fuska ta gefen ido, ya murje kwalar rigar da ya zana da babban yatsa don kar ta janye hankali. Mai firam na tsaye a kansa yana cewa, "Ƙara baƙi nan. A'a, sama kaɗan." Wasu masu zama a zana su har suna zaton harararsu Baba yake yi.

Matarsa kuwa shekara da shekaru tana roƙon ya zana ta, yana ce mata ai tana nan, gaggawar me? Ita kaɗai bai faɗa wa maganar likita ba. Ranar nan da hantsi ya zaunar da ita a bakin taga.

"Yau kuma? Sai da na tsufa?" Ta yi dariya, ta gyara ɗankwali. Can dariyar ta tsaya. "Malam, ni ce nan. Me kake kallo a bango?"

"Ke nake kallo, tsohuwa," ya ce, ya ɗora gawayin a kan takarda. "Kar ki motsa. Bari in gama idon tun ina samunsa."