Barcin Harmen a Bakin Gada

Harmen Dijkhuis mai haɗa fenti ne a wani shago da ke gefen birnin Groningen. Ka kawo masa ɓallin tsohuwar ƙofa ko ƙyallen labule, ya ƙura masa ido, ya ɗiga wannan ya ɗiga wancan, ya miƙo maka gwangwani launin ya fito sak. Iyakar gwanintarsa ke nan a duniya, kuma shi da bakinsa yake faɗa. Yakan ce da a ce hankali ma a gwangwani yake zuwa, da tuni ya haɗa wa kansa ko da rabin lita ne.

A ƙauyen Ezinge yake zaune da matarsa Rinske, wadda ke koyar da ɗinki a wata makaranta. Tun yana saurayi a keke yake zuwa aiki kamar kowa, ya bi ta cikin gonakin dankali da makiyayar shanu, ya haye gadar kogi, ya shiga gari. A wannan hanyar ce yake gamuwa da masu keken kishingiɗe, keken nan mai kujera irin ta hutawa, wanda mutum ke kwanciya rigingine a cikinsa, ƙafafu a gaba suna juya feda, mazaunai dab da ƙasa. Harmen ba ya ganinsu ya ƙyale. In ya dawo gida sai ya ba Rinske labari.

"Yau ma na ga ɗaya. Gemu har ƙirji, ga safa cikin sandal. Wai shi ma aiki za shi. In kwanciya kake so, bawan Allah, wa ya tashe ka daga gado?"

Da ya haura hamsin, bayansa ya ce bai san zance ba. In ya sauka daga keke da safe sai ya yi ta tafiya a sunkuye kamar mai neman allura, har sai ya sha kofi na biyu kafin ya miƙe. Likita ta duba shi ta ce ko dai ya bar sunkuyo a kan keke, ko ya saba da ciwon. Ya koma shiga bas. Hunturu guda ya yi yana zaune bakin taga yana kallon tsofaffin da suka girme shi suna wucewa a kekunansu, shi kuwa yana cin burodi da cuku don haushi. Kafin sanyi ya wuce maɓallin wandonsa ya daina shiga.

Wata Asabar ya ce wa Rinske zai je ganin injin yankan ciyawa da wani ke sayarwa. Da la'asar ya dawo a motar maƙwabci, suka sauko da wani dogon abu ja mai kujera. Rinske ta fito da tsumman goge kwano a hannu, ta zagaya shi sau ɗaya.

"Wannan ciyawar ina zai yanka?"

"Likita ce ta ce," in ji Harmen yana kallon ƙasa.

"Wanda ya sayar maka, yana da gemu?"

"Yana da shi."

"Da sandal?"

"Rinske, don Allah ki riƙe mini ƙofa."

Koyon ya fi sayen wuya. Mutumin da ya girma a kan keke, sai ga shi a filin ajiye motoci na bayan coci yana faɗuwa kamar buhu. Tashin farko ne bala'in: ka ɗora ƙafa ɗaya a feda can sama, ka tura, kafin ɗayar ta iso keken ya yanke shawarar gefen da zai kwanta. Rinske ce ta riƙa kama bayan kujerar tana binsa da gudu, kamar yadda ta yi wa 'yarsu tana ƙarama.

"Ka daina kallon ƙafafunka!"

"To ina zan kalla? Ai su ne a gabana!"

Da ya fara fita hanya, sai ya ga abubuwan da mai gemun bai gaya masa ba. Karnuka, waɗanda da can ƙafarsa kawai suke gani, yanzu ido cikin ido suke haɗuwa da shi, har wani ya taɓa lasar masa kunne a wurin jiran danja. Shingen gidajen ƙauyen duk sun fi shi tsawo, maƙwabta ba sa ganin komai sai 'yar tutar da ya kafa a baya tana wucewa, su ɗaga wa tutar hannu. Ruwan sama kuwa, maimakon ya gangara ta baya, sai ya taru masa a cinya. Ya kan iso shago gaban wandonsa sharkaf, sauran jiki a bushe. Wata mata da ta zo sayen fenti ta taɓa kallon wurin ta kau da kai da sauri.

"Ruwan sama ne, Malama," in ji shi.

"Ban ce komai ba."

"Na sani. Shi ya sa na faɗa."

Abokin aikinsa Wubbe, wani ƙato mai ɗaukar kaya a sito, ya samu abin yi. Kowace safiya yana bakin ƙofa. "Barka da asuba, ranka ya daɗe! An tashi lafiya? A kawo shayin nan gado, ko za a daure a zauna?"

Amma ciwon bayan nasa ya warke, wannan kam ba ƙarya. Kuma ranar da iska ta taso daga teku, masu keken tsaye suna ta nishi suna tangaɗi, shi sai ya sulale ta ƙarƙashinta ya wuce su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya lalace. Duk wanda ya zo sayen farin fenti sai ya sha huɗuba a kan iska da ƙashin baya. A wurin bikin suna ma ya taɓa zana wa wani baƙo keken a jikin takardar goge baki. Rinske ta lura ya fara jinkirin aske gemu, ta saya masa sabuwar reza ta ajiye kusa da farantinsa.

Abin da ya sa ake ba da labarinsa ya faru ne wata safiya a tsakiyar bazara. Ana gobe abin zai faru ya wuni yana taya 'yarsa kwashe kaya zuwa sabon gida, jikinsa duk a mace. Ya iso gada ya tarar an ɗaga ta, jiragen ruwa na masu hutu sun yi jerin gwano suna wucewa a hankali, kowane da mace a kwance a bisa tana shan rana. Masu kekuna suka tsaya suna jira, kowa a tsaye yana karkaɗa ƙafa. Shi kuwa Harmen ai yana da kujera. Ya matsa jikin ƙarfen gefen hanya ya jingina kafaɗa, ya sauke ƙafafu. Rana tana dukan fuskarsa da ɗumi mai daɗi, ruwa yana ɗan bugun gindin gadar. Ya ce bari ya lumshe ido har jirgin ƙarshe ya wuce.

Abin da ya farkar da shi wani nauyi ne a ƙirji, da wata ƙara, ƙas, daga cikin haƙarƙarinsa. Ya buɗe ido ya gan shi shimfiɗe a kan kwalta, rigarsa a ɓalle. Wata dattijuwa mai farin gashi ta durƙusa a kansa, hannu bisa hannu, tana danna shi da duk ƙarfinta. Fuskoki sun yi masa rumfa. Wani yana riƙe da hannunsa yana cewa, "Kada ka tafi, Malam, kada ka tafi!" Wani yana ihu a waya yana kwatanta gadar. An sauke gadar tuntuni, motoci sun yi layi har kwana, babu mai yin hon.

"Ya dawo!" in ji dattijuwar. Hawaye na zuba a fuskarta. "Ya buɗe ido! Ya dawo!"

Mutane suka hau tafi. Harmen ya dubi wannan taro, ya dubi layin motocin, ya ji jiniyar motar asibiti tana tahowa ta cikin gonaki. Kalma biyu kawai ake bukata: barci nake. Ya buɗe baki zai faɗa, ya sake duban matar da ke kuka, sai ya ji kansa yana cewa da 'yar siririyar murya, "Ina nake?"

A asibiti aka maƙala masa wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka kwana ana dubawa. Da likita ya tambaye shi abin da ya ji kafin ya fita hayyacinsa, ya ce jiri. Aka ce zuciyarsa ba a ga komai ba, sai dai jininsa ya ɗan hau, ga kuma haƙarƙari guda da ya tsage wurin ceto. Rinske ta iso idanunta jawur, takalmanta ƙafa ɗaya na gida ɗaya na fita. Ta kama kansa ta rungume. Harmen ya ce a ransa gobe zai gaya mata. Goben ta zo, shago suka aiko da furanni, Wubbe da kansa ya kawo su, ya tsaya bakin gado yana murza hula.

"Duk tsokanar nan da nake maka, wasa ne fa, Harmen. Ka yafe ni."

"Ba komai," in ji Harmen, ya juya fuska bango.

Da aka sallame shi, Rinske ta ɗauki ragamar kicin. Cuku ya ɓace daga gidan, man shanu ya bi shi, gishiri aka ɓoye. Da safe kunun alkama ba sukari, da rana dafaffen kabeji da karas, da yamma kifi a turare, fari fat kamar bai taɓa ganin wuta ba. Kofi ɗaya tak a rana. Keken aka jingine a rumfa, tutarsa ta yi laushi. In ya yi tari haƙarƙarin ya soke shi, in ya yi dariya ma haka, amma dai ba abin dariya a gidan. Makonni suka shuɗe yana tauna karas yana jin ƙanshin soyayyen dankalin maƙwabta ta taga.

Wata Lahadi Rinske ta dawo daga kasuwa da soyayyen kifi mai zafi a takarda, nata ita kaɗai. Ta zauna gabansa ta buɗe, ta barbaɗa gishiri, tana ci a hankali. Shi ga kabejinsa. Ya ajiye cokali.

"Rinske, ina da magana."

"Barci ka yi," in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

Ya zaro ido.

"Matar da ta danna ka, Malama Tolsma, ta zo nan gaishe ni kana asibiti. Ta ce abin da ya tsorata ta shi ne kakarin mutuwar da ta ji kana yi, baki a buɗe. Har ta kwaikwaya mini. Harmen, tun ina amarya nake kwana kusa da wannan kakarin."

"To don me ba ki faɗa ba?"

"Kai don me ba ka faɗa ba? Ka san irin kukan da na yi a hanyar asibitin nan? Har mai tasi sai da ya tsaya ya ba ni ruwa." Ta lashe yatsa. "Na ce bari in ga kabeji nawa za ka ci kafin gaskiya ta fito. Ka ba ni mamaki, ka daure."

Ya sunkuyar da kai. Can ta turo masa takardar kifin, saura gutsure biyu. Yana ci ya ce gobe zai je ya sami Malama Tolsma ya gaya mata, ya ba ta haƙuri.

"Ba za ka je ba," in ji Rinske. Muryarta ta sauya. Ta gaya masa abin da matar ta faɗa mata a wannan kicin ɗin: mijinta ya faɗi ne a lambunsu yana ban ruwa, tana tsaye a kansa ba ta san abin da za ta yi ba, har ya cika. Bayan rasuwarsa ta je ta koyi taimakon gaggawa, ta yi ta danna ƙirjin mutum-mutumin roba, tana fatan kada ta sake tsayawa hannu sake. Matar ta ce tun ranar gadar take samun barci.

"Ita ta samu barci, kai ma ka samu naka," in ji Rinske. "A bar shi haka."

Haka aka bar shi. Da haƙarƙarin ya haɗe Harmen ya koma kan kekensa, sai dai in ya tarar an ɗaga gada yakan tashi tsaye ya riƙe shi, yana taka ƙasa kamar soja. Wubbe bai ƙara tsokanarsa ba, har kujera yake jawo masa, abin da ya fi tsokanar ciwo.

Malama Tolsma kuwa yanzu ita ke taya koyar da taimakon gaggawa a zauren taron ƙauyensu, kuma duk sabon aji sai ta gayyaci Harmen don ɗalibai su ga mutumin da aka dawo da shi. Yakan sa rigarsa mai kyau ya je, ya tsaya kusa da mutum-mutumin roban, ta dafa kafaɗarsa tana ba da labarin, kowace shekara layin motocin yana ƙara tsawo. A ajin bara wani manomi ya ɗaga hannu, ya yi gyaran murya.

"Malam, ka yi haƙuri da tambayar. Da ka tafi can ɗin, me ka gani?"

Rinske tana zaune a baya, ta sa jakarta ta rufe baki.

"Gaskiya ban ga komai ba," in ji Harmen. "Amma akwai ɗumi, kuma ban so aka tashe ni ba."

Manomin ya gyaɗa kai a hankali, wata mata a gaba ta share ido. Aka tashi shan kofi, Malama Tolsma ta yanko masa kek ɗin tuffa, ta zaɓa masa mafi ƙanƙanta saboda zuciyarsa.