Dagi a Mariƙin Bindiga

Har yau in na ji warin roba tana ƙonewa raina ɓaci yake yi, ko da kuwa leda ce yara suka jefa a wuta. Warin nan ya taɓa cika mana gida a unguwar Ƙurban, a shekarun da wayar hannu ta fara yawa a Madina, kuma mijina ne ya kawo mana shi da hannunsa.

Mijin nawa ma'aikacin lantarki ne a wani kamfanin gine-gine. Ya iya aikinsa, wannan kam ba zan tauye shi ba. Ciwonsa ɗaya ne: Balarabe ya kira shi "ya muhandis", wato injiniya. Da ya ji haka shi ke nan, hankali ya yi gaba, baki har kunne. Ko rijiya aka nuna masa aka ce muhandis ne kaɗai zai iya shiga, wallahi da takalminsa zai faɗa.

A lokacin mahaifiyata tana wurinmu. Inna ta tsufa, sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu, kofi ma da hannu biyu take riƙewa. Ba yawo ya kawo ta ba. Ranar da ta sauka ta faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa mutuwa ta zo yi a Madina, a binne ta a Baƙi'a. Ta rarraba awakinta a ƙauye, ta yi sallama da kowa, likkafaninta yana ninke a ƙasan akwati. Sai dai da bizar ziyara ta shigo, wadda ke ƙarewa a sabunta, kuma ba a sabuntawa sai kafilin mijina, mai kamfanin, ya sa hannu. Bai taɓa ƙi ba. Amma ni kullum ina sane da cewa zaman Inna a bakin alƙalamin mutum ɗaya yake.

To, kafilin yana da ɗa, wani sangartaccen saurayi wanda ba ya tsinana komai sai tara abokai a gidan hutunsu na Aƙiƙ, su fita bayan gari suna harbin gwangwani. Yana da ƙaramar bindiga da takardarta, irin wadda rabinta na ƙasa baƙar roba ce. Tafin hannunsa gumi yake yi, ga zafin Madina, sai mariƙin ya riƙa sulɓe masa. Wai ya gani a wata mujallar Turawa ana ɗiga wa robar ƙarfe mai zafi har ta yi kaushi ta kama hannu. Ya shiga ofishin ubansa ya tambayi wanda zai iya. Misirawa da Indiyawan da ke wurin, masu hankali, kowa ya sunkuyar da kai. Nawa gwanin ya miƙe tsaye.

Ya shigo mana da ita gida da la'asar, a naɗe cikin tawul, a ƙasan ledar burodi.

"Baban yara, mene ne wannan?"

"Roba ce."

"Robar me?"

"Rabin bindiga ce, ba bindiga ba. Duba mana, ba bututu, ba harsashi."

"Innalillahi! In 'yan sanda suka shigo gidan nan, rabin kurkuku za su kai ka? Baƙo a ƙasar mutane, da makami a ɗakin kwana?"

Sai ya kwantar da murya, wai ai saboda Inna yake yi. Wai yaron ya yi alkawarin zai riƙa sa baki wajen ubansa a kan bizarta. Na ce masa uban da bai taɓa ƙi ba, wane sa baki yake jira? Ya ce mu mata ba ma hangen nesa. Ni kuwa na san abin da yake hange: a kira shi gidan hutun nan, a zaunar da shi a kan kilishi, a zuba masa gahawa.

Ya ɗauko kawiyarsa, ƙarfen nan na lantarki da yake narka dalma da shi in zai liƙa waya, ya ce sai ya gwada hannu tukuna. Jama'a, gwajin nan ya ci gidana! Bokitin wanki, matajin kaina, mariƙin firji, murfin kular abinci, har silifas ɗin banɗaki, babu wanda ya tsira. Komai ya fito da zanzana kamar an yi annobar agana a kicin. Hayaƙi ya kama labule, ya kama abinci, maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko waya ce ta kama wuta. Na ce mata a'a, muhandis ne yake bincike.

Daga ƙarshe ya kai ga butar alwalar Inna, wata koriya. Ya ɗige mariƙin tsaf, sai kuma hannu ya tuna gida. Kakarsa mai zanen ƙwarya ce, ya tashi yana ganin tana ƙona ado da ƙarfe. Kafin in ankara ya zana dagi a cikin butar, ƙullin nan namu da ke jikin riguna da bangon gidaje, ya kewaye shi da layin ƙananan gidaje kamar na bakin ƙwarya.

Inna ta ɗauki butar da hannu ɗaya, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta jujjuya ta, ta shafa dagin da yatsa. Da yake ba ta yi wa suruki magana kai tsaye, sai ta ce da ni, "Ki ce wa maigidan Allah ya yi albarka. Wannan hannu na gado ne." Da gaske take, har ranta. Shi kuwa yana bayan labule yana ji, kansa ya ƙara kumbura.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya rufe ɗaki ya hau kan ainihin aikin. Da ya fito ya nuna mini, gaskiya ɗigon ya yi kyau, jere reras, in ka riƙe sai ka ji ya kama hannu. Na ce, "Madalla. Naɗe masa abinsa ka fitar mini da shi daga gida."

"Haka, ba ado? Sai ka ce aikin ɗan koyo?"

"Abin da ya ce ka yi ke nan."

"Ke ba ki san manya ba. Mutum ya ba ka amana, ai sai ka ƙara masa da ihsani."

Na gane inda ya dosa. Na ce, "Don girman Allah kada ka sa dagi. Mutanen nan in sun ga ƙulli da gidaje-gidaje a hannun baƙar fata, ba ado suke gani ba." Na san abin da nake faɗa. Ba sau ɗaya ba matansu sun ja ni gefe a kasuwa suna raɗa, wai ko na san wanda ke yin aiki a kan miji. Ya yi dariya, ya ce wannan yaro wayayye ne, mujallar Turawa yake karantawa. Ya koma ɗaki. Dagi a dama, dagi a hagu, gidaje a jere ta baya. Bindigar mutane ta fito kamar ƙwaryar amarya.

Washegari ya sa farar jallabiya, ya yi wanka da turare, ya nufi Aƙiƙ. Bai daɗe ba ya dawo, hula a hannu, ya wuce ɗaki ko sallama babu. Labarin a bakin matar direban kafilin na ji shi, wata 'yar Nijar. Yaron ya warware tawul a gaban abokansa, ɗaya ya leƙa ya yi tsalle baya yana a'uziyya, ya ce wannan hatimi ne, ga ƙulli nan, an ɗaure ka. Sai wuri ya hargitse. Ƙarti majiya ƙarfi, masu harbin gwangwani, suka dare wa guntun roba kamar sun ga kumurci. Aka kawo ruwan ganyen magarya aka tsoma ta, ana tofi. Tir! Ban san wa zan fi rainawa ba, su ko nawa.

Wurin hukuma dai ba su je ba, domin ɗansu ne ya fara laifi da ya miƙa wa baƙo makami. Amma uban ya kira mijina ofis. Shi kuma, don ya wanke kansa, ka san dabarar da ta zo masa? Ya zo gida ya ɗauki butar Inna ya kai, wai shaida ce cewa adon gida ne kawai. Tsohon ya kalli dagin ya ce, "Har a butar alwala?" Ya ce a fitar da ita daga ofishinsa.

Bai kore shi daga aiki ba, akwai ginin da ba a gama sa wa waya ba. Cewa ya yi kawai, ban da mijina da ni da 'ya'yanmu, ba zai ƙara sa hannu a takardar kowa daga gidanmu ba. Na je da kaina wurin matar kafilin na roƙa, na yi rantsuwa, na yi kuka. Ko ƙofar falo ba a bari na wuce ba, kuma ina fita na ji ana kunna turaren wuta a bayana.

Ni na faɗa wa Inna ba za a sabunta bizarta ba, don mijina ya kasa. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ba ta zagi kowa ba, ni na yi zagin a madadinta. Abu ɗaya ta roƙa, in kai ta bakin Baƙi'a. Mata ba sa shiga, sai muka tsaya ta waje tana leƙe ta tsakanin ƙarafuna, ta daɗe tana kallon ƙasar wurin. Da muka dawo ta buɗe akwati, ta gyara ninkin likkafanin, ta ɗora kayanta a kai. Butar kuwa a hannu ta riƙe ta har cikin jirgi.

Da damina ta rasu, a ƙauye. An binne ta a bayan gari, cikin kukoki. Ni kuma ina nan ina wuce katangar Baƙi'a duk mako a hanyar masallaci, ina kau da kai.

Ƙanwata ce ta ba ni labari ta waya. Ta ce Inna ba ta yarda kowa ya taɓa butar nan ba, 'yar Madina take kiranta, da ita ta yi alwalarta ta ƙarshe, da ita kuma aka zuba mata ruwan wanka. Na ajiye wayar na je na sami mijina yana cin tuwo, na maimaita masa ina hawaye, don in ga ko zai ji abin da na ji. Ya tsaya da loma a hannu, sannan ya gyaɗa kai.

"Kin gani ko?" in ji shi. "Har ƙarshe ba ta sulɓe mata ba."

Na sunkuya na ɗauke kwanon daga gabansa.