Gabdo Bakari da Jikarsa Mai Zaɓen Irin Gyada

Malam Gabdo Bakari Kwaja manomin gyada ne. Na fara saninsa a watan Maris na 1978, a ajin yaƙi da jahilci na Nassarawo, inda muka koyi rubutu tare, kowannenmu da furfurarsa.

Yana da jika mai suna Hajaratu, wadda ƙyanda ta makantar tun tana shekara huɗu. Uwarta, Fatu, saboda tausayi, ba ta barinta ta taɓa ko tsintsiya, kuma da zarar an yi sallama sai ta tura ta ɗaki. Yarinyar ta kai shekara tara ba ta iya amsa gaisuwar baƙo. Abin ya daɗe yana cin Gabdo a rai.

Wata safiya, gab da faɗuwar damina, ya jawo buhun iri, ya zaunar da ita a tabarmarsa.

"Uwargida," in ji shi, don haka yake tsokanarta, "zaman banza ya ƙare. Idona ya mutu, zo ki zaɓa mini iri."

"Kai, Kaka! Naka ya mutu, nawa fa?"

"Wa ya ce da ido ake ganin cikin kwanso?"

Ya koya mata ta auna gyada a tafin hannu, ta girgiza ta a kunne, ta sansana. Mai nauyi gefe guda, fanko da mai fumfuna gefe guda. Duk abin da ta zaɓa, shi ya shuka, bai sake dubawa ba. Fatu ta yi ƙorafi cewa zai salwantar da abincin shekara a kan wasan yara. Gonar kuwa ta yi kyau.

Shekara ta zagayo, maƙwabcinsa Tizhe ya kawo irin da ya sayo a kasuwar Mubi, yana ta yabonsa a gaban mutane. Fatu ta miƙe za ta shigar da yarinyar. Gabdo ya ce a bar ta, ya zuba mata gyadar a hannu. Ya san idan ta kasa buɗe baki a ranar, ɗaki za ta koma, kuma ba zai ƙara samun bakin magana a wurin uwarta ba.

Hajaratu ta girgiza, ta sansana. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Baba Tizhe, ruwa ya taɓa wannan. Ba za ta tsiro ba."

Tizhe ya kwashe da dariya. "Gabdo, yanzu yarinya ce malamin gona a gidanka?"

"Ita ta duba, ita za ka tambaya."

"A fasa a gani," in ji Hajaratu, wannan karon da ƙarfi.

Aka fasa goma, bakwai sun yi baƙi. Tizhe ya cire hularsa, ya ce gobe zai kawo mata sauran buhun.

Tun daga ranar ba a sake tura ta ɗaki ba. Kowace bazara mata kan yi layi a ƙofar gidan da ƙwaryar iri, ita ke tarbarsu, ita ke gaisawa da su, Fatu na shimfiɗa tabarma.

Ganina da Gabdo na ƙarshe, Hajaratu ce ke riƙe da hannunsa a hanyar gona, don a lokacin idonsa ya yi rauni da gaske. Ranar Laraba ce, 12 ga Afrilu, 1989.