Kajin Uwaliya ta Durun

A zamanin da gyaɗa ke da daraja, Uwaliya ta Durun matsar mai take yi, tunkuzar da ta rage kuma ta kajinta ce. Namansu taushi gare shi da maiƙo, har masu bikin suna daga Kabo suke aikowa saye. Da girma ya zo, hannuwanta suka kasa juya taɓarya, ta bar matsar, kajin suka koma cin dusa zalla.

Wata rana Dalhatu, ɗan ƙanenta, ya daɗe yana tauna naman kazar da ta dafa masa.

"Gwaggo, kazar nan tsohuwa ce?"

Ta dubi hannuwanta. "Ba kazar ce ta tsufa ba, Dalhatu."

Tun daga ranar, in an aiko daga Kabo, sai ta ce kajin ba na sayarwa ba ne.