Ƙafafun Raelene

A jihar Queensland ta Ostireliya an gama da wahalar naƙuda. Likitoci sun samo allurar da ake yi wa mace a gadon baya, ta kashe zafi ta bar ƙafafu da ƙarfinsu, mai naƙuda ta yi ta yawonta kamar ta shiga kasuwa. Saura kawai a samu inda ake yin ta, don ɗakin haihuwar garinmu tuni aka mai da shi ma'ajiyar kujeru.

Raelene Tuckwell, mai gonar tumaki, ba ta iya zama ba. Ko shayi a tsaye take sha. A haihuwarta ta fari an kwantar da ita rigingine yini guda, ta tashi da ciwon bayan da har yau bai sake ta ba, ta rantse ba za a ƙara ba. Da cikin na biyu ya tsufa, ta bar tumaki ana tsakiyar yi musu aski, ta tare a birni kusa da babban asibiti, ita da mijinta Gavin.

Ranar ta zo, aka yi allura, zafi ya kwanta. Ungozoma Bronwyn ta sa ta ɗaga ƙafa, ta miƙe, ta durƙusa. Duk ta yi.

"Madalla, 'yar'uwa! To koma ki kwanta."

"In kwanta? To allurar ta mece ce?"

"Doka ce. Ba a yawo sai da ma'aikata biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ni kuwa ni kaɗai ce, ga wasu matan suna ta danna mini ƙararrawa."

"Ga ni," in ji Gavin. "Raguna nake ɗagawa."

"Kai, wa ka kira rago?" in ji Raelene.

"Ba a horar da kai ba, malam," Bronwyn ta ce daga bakin ƙofa. "In ta faɗi, ni za a kora."

Mu mutanen karkara an san mu da rashin son tayar da rigima, asibitin birni kuma ya san haka, da shi yake cike gurbin ma'aikatan da ya ƙi ɗauka. Raelene, wadda ke zagin karnukan kiwo a ji ta a gonar maƙwabta, ta ce "ba komai", ta hau gado tana motsa yatsun ƙafa, tana jiran ungozoma ta biyu.

'Yar ta zo lafiya da la'asar, uwar tana rigingine. Wanda ya yi yawo a ɗakin ranar Gavin ne, shi kuwa ba a yi masa allurar komai ba.