Burodin Alhamis na Habboba Tumba

A ƙauyenmu da ke bakin tur'a, wato babbar magudanar ruwan noma, kusa da Kamlin, tuwon dawa da kisra, wata siririyar wainar dawa, su ne abincin kowace rana. Burodi sai ranar Alhamis. Ranar ce Baba ke hawa jakinsa ya tafi kasuwa, ya dawo da farar fulawa a cikin jakar yadi, irin wadda masu shago ke kira fino. Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarama, saboda haka kakarmu ce ta riƙe mu, ni da yayata Amna, wadda ta girme ni da shekara huɗu. Habboba Tumba muke ce mata, yadda yaran Larabawan maƙwabta ke kiran nasu kakannin. Ita ba ta taɓa son sunan ba. Takan ce a ƙasar Sakkwato, inda kakanta ya taso da ƙafa da niyyar Makka ya ƙare da noman auduga a nan, kaka ake cewa. Muka ci gaba da ce mata Habboba, ita kuma ta ci gaba da amsawa.

Da an sallame La'asar take farawa. Ta tankaɗe fulawar a babban kwano, ta zuba gishiri da ɗan sukari, ta yi rami a tsakiya, ta tsiyaya man riɗi da ruwa mai ɗumi. Daga nan sai ta ɗauko hamira, wato ɗan guntun kwaɓi mai tsami da take ragewa kowane mako. A wata ƙaramar ƙwarya take ajiye ta ƙarƙashin randa, inda ke da sanyi, kuma kowace safiya sai ta ba ta cokalin gari da ɗigon ruwa, kamar mai kiwon ɗan tsako. Ta narka hamirar a ruwan, ta haɗe komai, ta hau murzawa da gindin tafin hannu. Tura, naɗe, juya. Ba ta ƙara gari don kwaɓi ya manne mata a yatsu. Ta ce wanda ya yi ta barbaɗa gari don tsoron danƙo, dutse zai gasa. Sai kwaɓin ya saki hannunta da kansa, ya yi santsi, sannan ta shafe shi da mai ta rufe da tsohon mayafi.

Kafin Magariba ya ninka. Ta naushe shi ya sace, ta ciri na hamira ta mayar ƙwarya, ta yayyanka saura, mu kuma mu mulmula. Nawa kullum a karkace, na Amna kamar an auna. Mu jera a faifai, a sake rufewa. Bayan salla sai ta cika tanderun laka da ta gina da hannunta da karan auduga, ta cinna wuta. To, tsakanin tashin nan na biyu da lokacin da wuta za ta zama garwashi, nan ne wurin tatsuniya. Tsawonta ya danganta da kwaɓi. Lokacin zafi gajera ce. Lokacin sanyi kuwa sai ta ja ta, ta ƙara mata dabbobi da waƙa, tana yi tana ɗaga gefen mayafi tana leƙawa.

Tana da yadda take buɗewa. Sai ta gyara zama a kan kujerarta ta ce, "Baƙuwa ta iso, wa ka ba ta tabarma?"

Mu ce, "Mu ne. Ta zauna."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, yawancinsu sun tsere min. Wadda ta tsaya ita ce ta Dije da Yalwa, wataƙila don ta fi maimaita ta.

Dije, in ji Habboba, mace ce mai hamirar da babu irinta. Ta gaje ta daga uwarta, uwarta ta gada daga tata uwar. In ta yi burodi, matafiya kan bar hanya su biyo ƙanshi. Amma duk wadda ta zo roƙon ɗan guntu sai Dije ta ce, "Yau ba ta da lafiya," ko ta ce, "Sauran kaɗan." Mutum ɗaya ce a garin take da irin hamirar, ita ce Yalwa, maƙwabciyarta ta bayan danga. Uwar Dije ce ta ɗiba mata da hannunta ranar da aka kawo ta amarya. Da can su biyun aminai ne. Wata rana akuyar Yalwa ta tsallaka ta cinye alkamar da Dije ta shanya, magana ta yi tsawo, har Dije ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce ƙafarta ba za ta sake taka gidan Yalwa ba. Shekara da shekaru suna jin tarin juna ta danga, ba sannu.

Sai zazzaɓi ya kwantar da Dije kwana tara. Ba wanda ya san inda take ɓoye ƙwaryarta, balle ya ba hamira gari. Da ta tashi ta buɗe, ta tarar ta yi baƙi tana wari. Ga shi kuma an aiko cewa ɗanta tilo, da ya yi shekara bakwai a tafiya, yana hanya, kuma abin da ya fi ambata shi ne burodin uwarsa. Dije ta kwaɓa fulawa ba hamira ta gasa.

A nan Habboba kan ɗauki wani dutse ta nuna mana. "Awa wanga. Tat jefa ma kare, kare yat tafi yana ɗingishi. Tat jefi shaho da shi, shaho yaf faɗo." Mu yi ta dariya har Baba ya leƙo daga ɗaki ya ce mu rage.

Daga nan muryarta kan sauka, tatsuniyar ta rage gudu. Dije ta yafa mayafi ta nufi ƙofar Yalwa. Taku goma sha biyu ne, Habboba kuma sai ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Dije ta yi sallama, Yalwa ta fito, sai Dije ta ce kazarta take nema. Yalwa ta ce ba ta ga kaza ba. Washegari ta koma, ta ce wuta ta zo ɗiba, alhali ga hayaƙi na tashi daga madafarta. Yalwa ta ɗebo mata garwashi a kasko. Rana ta uku ta je ta tsaya, bakinta ya ƙi buɗuwa, har inuwa ta matsa daga kanta. Can ta ce, "Hamirata ta mutu. Ki sam min. Kuma maganar da niy yi, ban kyauta ba."

Yalwa ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya a rufe. Ta ce, "Tun ranar neman kaza na ɗiba miki. Kullum ina ba ta gari."

Sai Habboba ta tafa hannu sau ɗaya ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta." Ta tashi ta janye garwashi gefe, ta watsa ɗan gari a ƙasan tanderu. In ya yi baƙi nan take, a jira. In ya yi ja a hankali, a zuba burodi. Da ya gasu takan ƙwanƙwasa gindinsa da yatsa, in ya amsa kamar ganga ya nuna. Na farko namu ne, da zafinsa, da shayi.

Ni da Amna ba mu taɓa yarda da juna a kan wannan tatsuniya ba. Ni a wurina magana a fili take: Dije marowaciya ce, Allah ya kama ta. Amna kuwa Yalwa take jin haushi.

"Habboba, tunda ta san abin da ya kawo ta, me ya sa ba ta miƙa mata tun ranar farko ba? Ta bar tsohuwa tana zirga-zirga!"

"Da ta miƙa mata ba ta roƙa ba, da ta watsa mata a fuska."

"To ta miƙa ta saman danga mana, ba sai an gan su ba."

Habboba ta dube ta ta ce, "Ke in kin girma ki yi hakan nan. Ci burodinki."

Habboba ta rasu shekarar da aka yi wa Amna aure. Mijinta direban tarakta ne a manyan gonakin Damazin, can suka tare. Ni na auri Usman a ƙauyenmu, ni na yi jinyar Baba shekara biyu har Allah ya karɓi abinsa. Amna ba ta iso ba sai bayan an binne shi, don tana da tsohon ciki ga hanya ba kyau. Na san da haka. Amma ranar sadakar uku, gida cike da mata, da ta ce wani abu a kan yadda za a yi da hawashar Baba, wato gonarsa ta ruwan tur'a, sai na ce da ita wadda ba ta wanke masa ko tsumma ɗaya ba, ba ta da bakin magana a gidansa. Ta tashi ta haɗa kayanta. Da safe ta hau mota. Shekara takwas ba mu ji muryar juna ba. In an yi haihuwa a gidanta a bakin mutane nake ji, ita ma haka.

Da yaƙi ya iso yankinmu na Jazira, Usman ya ce shi ba zai bar tsohuwarsa ba, ba ta iya tafiya, amma ni in ɗauki yara in fita. Muka hau babbar mota tare da mutanen gari, muka bi ta Makwar, muka yi kwana uku a hanya kafin Damazin. Aka sauke mu a wata makaranta, iyali shida a aji ɗaya. Na san sunan unguwar Amna, na san gidanta na kusa da injin niƙa. Da ƙafa bai kai tafiyar awa guda ba. Kwana goma sha ɗaya na yi a makarantar nan. Sau ɗaya na je har bakin layin, na tsaya na sayi ashana a wani shago, na juyo. Ban ma da abin kunnawa. A hanyar dawowa ne, ashana a hannuna, na tuna da kazar Dije, kuma ban yi dariya ba.

Sai ƙaramar 'yata Safiya ta fara gudawa, ga yara biyu a ajin da ke kusa da namu an riga an fitar da su a kwance. Na goya ta, manyan biyu suka biyo ni a baya.

Wata budurwa ce ta buɗe ƙofa, ban gane ta ba, amma goshin Baba ne a fuskarta. Ta dube ni ta ce da Larabci, "Ke ce Hala Hawwa?" Hala, wato ƙanwar uwa. Na ce ni ce. Ta ce uwarta ba ta nan. Tun da aka ce mutanen wajen Kamlin sun fara isowa, kullum da safe take fita, tana bin tashar mota da makarantu da masallatai ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Tamu makarantar tana can ƙarshen gari, ba ta kai gare ta ba tukuna.

Yarinyar ta karɓi Safiya ta haɗa mata ruwan gishiri da sukari. Ni na rasa inda zan sa kaina. A rumfa na ga kwano an rufe, kwaɓi ya tashi har ya ɗaga murfin yana zuba. Gidajen burodi sun daina aiki sosai, kowa a gida yake yi, da yis na leda maimakon hamira. Na wanke hannu na naushe shi, na fara yankawa. Ina cikin mulmulawa na ji an turo ƙofa. Amna ce, ta yi furfura, ƙafafunta fari fat da ƙura. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi yaran. Sannan ta ce, "Na fita ban sa masa gishiri ba."

Na ce, "To miƙo."

Shekara talatin ina ɗaukar tatsuniyar nan labarin rowa. Sai a rumfar Amna na lura cewa Habboba ba ta taɓa ɓata lokaci a kan rowar Dije ba, da jimla biyu take wuce ta. Inda take tsayawa, har kwaɓi ya kusa wuce tashi, shi ne takun nan goma sha biyu da tsayuwar bakin ƙofa. Ban sani ba ko ita ma tana da wata ƙofa da ta kasa zuwa, ban taɓa tambayarta ba. Amna kuma ba ta canja ra'ayi ba tun tana yarinya, ba ta zauna jiran a zo a roƙe ta ba. Hakan ya sa abin ya zo min da sauƙi ƙwarai, har na ga zan iya yin shiru a wuce wurin, a ci gaba da zama kamar ba a yi komai ba. Wuni guda ina juya wannan a raina.

Bayan Magariba muna zaune mu biyu gaban wuta, Safiya ta samu barci, kashi na biyu na cikin tanderu. Na ce, "Yaya, maganar da na yi ranar sadakar Baba. Ban kyauta ba. Ki yafe min."

Ba ta ɗago ba. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙi ne. Can ta ce, "Na ji, Hawwa. Juya na gefen can, zai ƙone."